Pikiyar da Ta Rage

Jirgi goma sha bakwai na sassaƙa,
kowannensu bishiya ce a da.
Ban ƙirga su haka ba a lokacin,
ƙusa na ƙirga, da kwalta, da kuɗin hannu.

Yau a gaɓarmu ta kogin Tapajos
pikiya ɗaya ta rage,
tafiyar awa biyu cikin kurmi,
bayan rafin da ya haɗiye takalmin Valdemir.
Mu biyar muka riƙe hannu, ba mu zagaye ta ba.

Ba a hawanta, ba a jifanta.
Sai ta ga dama take saki,
tim! kamar an yar da dutse daga sama.
Wanda ka tsinko ɗaci ne, in ji uwata Zuleide,
wanda ƙasa ta karɓa, shi ne naka.

Da gishiri take dafa su
a tukunyar nan mai kunne ɗaya.
Tsoka rawaya, mai na bin yatsu har gwiwar hannu,
ga garin rogo, ga baƙar gahawa.
Ci a hankali, takan ce, ƙaya na ciki.
Bayan ƙayar kuma ƙwaya ce fara sol,
ladan wanda bai yi garaje ba.

Shekaranjiya mai katako ya zo a jirgi mai inji,
ya faɗi kuɗin da zai sayi rufin kwano
har a samu canji.
Na kwana ina wasa gatari a zuci,
ruwa na ɗiga a kan gadona.

Da asuba na ɗauki igiyar awo.
Jikata Nalva ta biyo ni, ƙafa ba takalmi.
A gindin, sawun aladen daji da ɓawon da suka bari.
Ta tsinci ɗaya, ta juya, ta shinshina:
Kaka, wannan ana ci?

Shekararta tara.
A bakin kogin nan aka yanke mata cibi.

Igiyar ta dawo gida a naɗe.
Rufi ya ci gaba da yoyo,
mun san inda ake tara kwano.

Huɗu muka ci. Na biyar muka binne
a inda na kayar da ta farko ina saurayi.
An ce sai ya shekara kafin ya tsiro,
a sake goma sha biyar kafin ya haihu.
Ni saba'in da ɗaya gare ni.

Nalva ta kafa sanda a wurin,
ta ɗaura mata jan ƙyalle,
tana lasar yatsa.