Shuɗin Jirgin Amílcar

A Matosinhos, bayan kasuwar kifi, shagona yake.
Bangonsa ruwan toka, ko kalanda ban rataya ba,
don launin bango yakan yi wa ido raɗa.

Tsoho Amílcar ya shigo da laima a hammata
da hoton jirgin ubansa, wanda teku ta haɗiye tun tuni.
Jikarsa Benedita ta sa hoton a waya,
ta sa a kwamfutarta.
Ya ce: "Yarinya, jirgi ɗaya ne,
me ya sa yake sauya riga?"

Da gaskiyarsa.
A waya shuɗin na ƙyalli kamar an shafa masa mai.
A allon Benedita ya yi sanyi, ya karkata wajen kore.
A tsohon allona mai ƙatuwar ƙeya,
mai ɗumi kamar kaza a kan ƙwai,
ya ɗan sha ruwan hoda.
Shaidu uku, kowa ya rantse,
ba wanda ya yi ƙarya da gangan.

Na ja labule, na kashe fitilar sama.
Na bar su a kunne rabin sa'a,
ba a karɓar shaida daga mai magagin barci.
Sannan na rataya 'yar na'urar awo a fuskar allo,
tana reto da igiyarta kamar gizo-gizo a taga.
Ja ya wuce, kore ya wuce, shuɗi ya wuce,
sai toka hawa-hawa,
daga baƙi wuluk har fari fat.
Tana lasa, tana lissafi.

Farin ne mai wuyar sha'ani.
Na wannan madara, na wancan ƙanƙara.
In ba a shirya a kan fari ba,
sauran launuka gardama ce kawai.
Na rage haske, na sauke wa ja girman kai.
Wayar ba ta jin magana,
na dai goge mata kwalliya, ta sauko rabin hanya.

Wajen ƙarfe biyar
jirage uku suka kusa zama ɗaya.
Na buga a takarda, na kai gaban fitilar dubawa,
ya zauna daram.
Na ji daɗi, ban ɓoye ba.

Amílcar ya sunkuya. Ya daɗe.
Ya rufe idon dama da tafin hannu, ya ce: "Shi ne."
Ya rufe na hagu, ya ce: "Ba shi ba ne."
Benedita ta ƙyalƙyale da dariya:
watan jiya likita ya cire masa yana a hagu,
na dama na jiran layi,
yana kallon duniya ta cikin ruwan shayi.

Na dubi na'urata.
Ba ta da maratayi a goshin mutum.

Na ce: "Da wane ido ka san jirgin?"
Ya ce: "Da na ɗan shekara tara.
Ni da tsohona muka shafa masa fenti,
ragowar gwangwani biyu muka gauraya da sanda,
ba wanda ya auna."

Ya biya, ya cusa takardar cikin rigar ruwa.
Na buɗe labule.
Hayaƙin gasa kifi ya cika titi,
ga teku can a ƙarshen layi.
Kafin in lalubo makullin ƙofa
ta sake launi sau biyu.