Kwagirin Kawu Tankari

Ranar da gwiwar Kawu Tankari ta ƙi shi
a ƙofar masallacin Sumarana,
bai ce a kai shi likita ba.
Cewa ya yi: ɗauko gatari,
ka bi Gulbi ka yi kudu,
ka samo mini ƙafa ta uku.

Na ce, Kawu, ga sanduna jibge a babbar kasuwa,
har da masu hular ƙarfe.
Ya ce, waɗannan na zuwa suna ne.
Ni wadda za ta ɗauke ni nake so.

Yana kishingiɗe ya jero mini su
kamar mai faɗin halin maƙwabta:
tumfafiya cikinta iska, kar ka ko dube ta.
Kalgo mutumin kirki ne wurin igiya,
amma kar ka jingina da shi.
Ƙirya ta gagari gara,
sai dai kai za ka ɗauke ta, ba ita za ta ɗauke ka ba.
Bedi baƙo ne,
rana na yi masa tsawa ya tsage.
Gawo kuwa, ko da wasa!
Ƴan gandun daji na jin tarin gatari tun daga Madarunfa.

Nemi dargaza.
Ba ta bakin ruwa ba, wadda ta ƙoshi ta yi taushi,
ta kan tudu, wadda ta san ƙishirwa.
Ƙwanƙwasa ta da bayan wuƙa.
In ta amsa da ƙasan murya, wuce.

Kwana uku ina shan ƙaya.
Na farko ya lanƙwasa a gwiwa, ya ce ɗanye sharaf.
Na biyu ya nuna mini huda kamar idon allura,
ya busa, gari ya fito.
Na uku miƙaƙƙe sambal, har ina taƙama,
ya ce, to ina hannu zai kwana?

Sai ya yi dariya, ya tofar da goro.
Je ka bayan Jiratawa,
inda suri ya rungume tsamiya.
Ka yi taku goma gabas.

Na same ta.
Reshe ɗaya, kaurin babban yatsan ƙafa,
an tanƙwara kansa, an ɗaure da tsumma,
tsumman har ya nutse cikin ɓawo.
Na gane shuɗin.
Bakin tsohuwar rigarsa ce.

Damina huɗu ke nan, in ji shi.
Damina huɗu!
Lokacin yana ɗaukar buhun gyaɗa shi kaɗai,
yana yi wa samari gori a bakin lambu.

Muka gasa shi sama-sama a garwashi,
ɓawo ya saki kamar an roƙe shi.
Ya kwana arba'in a inuwar rumbu
da dutse rataye a ƙafarsa.
Sannan kankara da fasasshen kwalba,
sannan man gyaɗa, shafa bayan shafa,
har ya yi jan shayin da ya daɗe a wuta.

Ranar awo ya miƙe dafe da bango,
na sa alama daidai wuyan hannunsa,
na ɗaga wuƙa.
Ya riƙe ni.

Ƙara yatsa uku, ya ce.
Ƙasa za ta ci rabonta a hankali,
kuma ai ka fi ni tsawo.