Lamba Arba'in da Bakwai

A Arequipa, dutsen Misti ke riga ni leƙa tagar sito,
ni da ke riƙe da makulli.
Shekara goma sha ɗaya ina ƙirga kwalayen maganin asibiti.
Takarda ta ce ɗari uku.
Kanta ta ce tamanin da ɗaya.
Na sake ƙirgawa da yatsa, kamar 'yar firamare.

Ranar da tsoho Evaristo ya gangaro daga ƙauyen tudu
da kumburarriyar ƙafa, aka ce masa babu allura,
ya ninke takardarsa gida huɗu, ya cusa a hula,
ranar shiruna ya tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙaya.

Mai gabatar da ƙara ba ta katse ni ba.
Sau ɗaya tak ta rubuta sunana,
ta sa a ambulan, ta kulle a akwatin ƙarfe.
Ta ce, "Daga yau doka ta raɗa miki suna:
Arba'in da Bakwai."
Babu coci, babu ruwan baftisma.

Washegari shugabanmu Don Rufino ya shigo da burodi mai zafi,
yana miƙa wa kowa,
yana duban hannun da zai yi rawa.
Na karɓa. Na ci.
Na ce gishiri ya ɗan yi yawa.

Na sani, doka tawada ce a kan takarda.
Magatakardan kotu ma suna da surukai,
kuma ranar Asabar giya kan kwance wa harshe ɗaure.
Da dare, in mota ta rage gudu a ƙofarmu,
sai in hau ƙirga numfashin 'yata Maruja
yadda nake ƙirga kwalaye.

Amma yau wata bakwai ambulan bai buɗe baki ba.
A kotu daga bayan labule na yi magana,
na'ura ta kaurara muryata,
ko uwar da ta haife ni ba za ta gane ba.

Jiya a kasuwar San Camilo
mai dankali na rantsuwa Arba'in da Bakwai namiji ne,
tsohon soja, wai, mai tabo a goshi.
Ta kusa da ita ta ce ina, ai ba mutum ɗaya ba ne.
Na ɗauki dankali guda, na juya shi,
na nuna mata ƙofar da tsutsa ta shiga,
na ce ta rage mini sol biyu.