Teburi na Uku Daga Ƙofa

Ruwa ya tsuge mana tun daga Farin Gada,
muka shigo da lema ɗaya, ni da 'yata Rumasa'u,
kafaɗata ta hagu sharkaf.
Allon bakin ƙofa ya sake suna.
Inda jan fenti ya ce Kachollom shekara ashirin da biyu,
yanzu wata shuɗiyar fitila ce ke ƙyafta ido da Turanci.

Yaro mai baƙar riga ya ja mini kujera.
Ban saba ba.
A da kai ke jan abarka,
ka ture jakar wani, ka ce sannunku da aiki,
a amsa daga madafa ba tare da an waiwayo ba:
"Malam, yau ma ka yi latti, kan kifi ya ƙare."

Na nemi teburina, na uku daga ƙofa.
Yana nan. An kankare shi, an shafe shi,
an yi masa sabuwar ƙafa.
Murfin kwalbar da muke cusa wa gurguwar ya tafi,
amma gwiwar hannuna ba ta sami labari ba,
har yanzu a hankali take sauka
kada miya ta zube.

Takardar abinci ta zo da hotuna.
Rumasa'u ta karanta tana danne dariya:
gwate ne fa, Baba, sunan makaranta suka sa masa.
Farashin kuwa,
na cire tabarau, na goge, na mayar,
bai ragu ba.

Aka kawo shi a farin kwano mai faɗin baki,
ɗan mitsitsi a tsakiya kamar rabon majinyaci,
ganye guda a tsaye a kansa.
Na ɗauki cokali da niyyar kushewa,
na ma riga na tsara abin da zan faɗa a mota.

Sai ɗacin gauta ya tare ni a hanya,
tsamin yakuwa ya biyo bayansa,
accar ba ta tsinke ba, ba ta sandare ba,
can ƙasa kuma ga ɗan ƙaurin gindin tukunya
wanda ba a koyarwa, sai dai hannu ya gada.
Na ajiye cokali.
Na ce wa yaron, wa ke kan murhu?
Ya ce, wata Garos.
Garos!
Yarinyar da ke hawa kan bulo
don hannunta ya kai bahon wanke-wanke.

Sabon mai wurin ya zagayo gaisuwa, Nazifi,
saurayi, waya biyu, ladabi irin na ma'aikacin banki.
Na ce masa akwai bashi a kaina,
naira dubu da ɗari huɗu,
tun watan da aka riƙe mana albashi,
yana cikin littafi mai koren bango a ƙarƙashin rediyo.
Ya yi murmushi. Baba, na sayi gini,
na sayi tukwane da kujeru,
littafi bai shigo lissafi ba.
Mama ta koma Vom wajen ɗanta,
ƙafa ta hana ta tsayuwa.

To wa zan biya?

Rumasa'u ta biya na yau da waya,
ko takardar naira ɗaya ba ta motsa ba.
Ni na lallaɓa tagar madafa.
Tururi ya yaye, ga mace cikakkiya,
ludayi a hannu, zufa a goshi duk da sanyin Jos.
Ta dube ni, ta ɗan karkata kai,
ta ce, "Malam, yau ma ka yi latti."

A waje ruwa bai ɗauke ba.
Kuɗin na nan a aljihu, a ninke, sun ɗan jiƙe.
Muna jiran keke a gindin allon nan mai ƙyaftawa
na tambayi Rumasa'u
ko tana da aiki ran Asabar,
ko ta san inda motar Vom take lodi yanzu.