Ɗaki Ba Ya Rasa Kafa

Ƙarfe ukun dare a Gilasgo,
ruwan sama na ƙwanƙwasa taga kamar mai bin bashi.
Daga ni sai ƙwayoyin zarra goma sha biyu
da muka jera cikin tarkon haske,
cikin wani sanyi da ba shi da suna a garinmu.

Biyu a cikinsu sun ƙulla amana:
tambayi ta farko, ka ji amsar ta ƙarshe,
ba waya, ba ɗan aike.
Aikina in auna wannan amana,
nawa suka riƙe, nawa ya zurare.

Don kuwa zurarewa take yi.
Mun toshe, mun liƙe, mun zuƙe iska,
amma ɗaki ba ya rasa kafa.
Girgizar jirgin ƙasa a ƙarƙashin titi,
ɗumin yatsun Morag da ta gyara madubi tun la'asar,
duk ta nan duniya ke leƙowa,
tana tsince sirri kamar kaza a gindin turmi.

Ga abin da ya hana ni barci.
In ka leƙa su jefi-jefi, amanar sai ta yi yaɗo,
ta kama layin kaf, kamar kabewa a kan danga.
In ka matsa musu da ido,
kowace ta kama gabanta.
Tsakanin nan da can akwai wata gaɓa,
silin gashi ya fi ta kauri,
kuma ba ta sallama.
Madara ce, madara ce,
ka ɗaga faifai: kindirmo.

Daren jiya zanen ya karye a allo,
daidai inda lissafi ya ce.
Ban yi murna ba.
Rumasa'u na tuna, 'yata da ke karatu a Abadin.
Kin ci abinci? Kina ina? Wa ke dariya a bayanki?
Sau shida a yini, don so.
Ban san ranar da na ƙetare gaɓar ba,
na dai ji wayar tana ta ƙara
babu mai ɗauka.

Asuba ta yi. Tafkin lambu ya fara daskarewa daga baki,
tsakiyarsa har yanzu ruwa,
agwagwa guda na kewaya abin da ya rage mata.

Na rage ƙarfin hasken.
Na kife wayar a kan tebur.
Sha biyun nan suna can suna ƙus-ƙus a duhu,
ni kuwa na ɗora butar shayi,
na juya musu baya.