Ruwan Cikin Tanki

Da asuba na ja igiya, injin ya yi tari sau biyu
kamar tsohon da ya shaƙi hayaƙin ɗanyen icce.
Ya ɗauka, ya kai ni tsakiyar dam ɗin Daberam,
can ya yi shiru.
Na ja, na ja, har kafaɗa ta ce ta gaji.
Komata na can gabas, kifi na ta kai mata gaisuwa.

Na kwance filogi, na busa, na goge da bakin riga:
wuta na nan, shuɗiya, ba shi da laifi.
Na bi tiyo da yatsa kamar maɗori na laluben karaya,
ba tsaga, ba toshiya.
Sai filafili ya maido ni gaɓa, rana ta yi tsayin mashi.

Haladu bai ko taɓa sifana ba.
Ya ce, "Miƙo kwalbar nan."
Ya tsiyayo mai, ya ɗora bisa dutse,
ya koma cin ƙosansa.
Kafin ya suɗe yatsu magana ta fito:
mai a sama, launin shayi marar kauri,
ruwa a ƙasa, kwance abinsa, faɗin yatsa biyu.
"Man yanzu," in ji shi, "ƙishirwa gare shi,
ko raɓa ya samu sai ya sha."

Ni kuwa na riga na yanke shari'a.
Na hau tudu da kwalba a hannu,
na ɗaga ta gaban Ɗayyabu mai bumburutu,
gaban mai shayi da 'yan acaɓa uku,
na faɗi abin da bakina bai saba faɗi ba.
Bai ce komai ba, sai gyara mazurari yake yi.

Da na dawo, Haladu ya wanke kafireta,
yana juya tankina a cinya.
"Ina murfin?"
Murfin ya faɗa ruwa tun kafin azumi.
Leda na ɗaura, da tsinken roba.
Daren Talata kuma an kwana ana ruwa.

Shekara ashirin da uku ruwa na ciyar da gidana,
yau ludayi guda ya zaunar da ni.
Injin ya tashi da ja ɗaya, yana ta ruri.
Na kashe shi.
Akwai tudun da zan sake hawa
kafin mai shayi ya kwashe bencinsa.