Abin da Sikeli Ya Faɗa

A garejin Ermanno, can bayan Modena,
inda hazon hunturu ke kwana kan gonakin inabi,
na sauke faifan birki huɗu daga but,
kowanne naɗe a tsohon bargon Baba.
Na tangaran ne da zaren kabon,
masu launin toka, sakayau,
ko yaro ya ɗaga ɗaya da hannu guda.

Motar tseren ta tafi tun bara,
kuɗinta ya bi ƙofar asibiti.
Su kaɗai Baba ya kwance ya ɓoye ƙarƙashin bene,
ya maida na ƙarfe a gurbinsu.
Ya ce, Ottavia, ranar da kika rasa,
ga gadonki nan, yuro dubu goma sha shida.

Ermanno bai ko dubi fuskarsu ba.
Ya ce, faifan ƙarfe a fili yake cinyewa,
ki sa farce ki ji ramin.
Wannan ta ciki yake ƙarewa.
Zafi na lasar zaren a ɓoye,
fuska sumul, kauri bai motsa ba,
nauyi ne ke zurarewa, giram bayan giram.

Na yi shiru.
Na san wani da ya tafi haka,
yana aske gemu kowace safiya, yana fesa turare,
ramin bel ɗinsa na matsowa ciki.

Ya wanke su, ya busar, ya ɗora kan sikeli.
A wuyan kowane faifai an buga lamba,
iyakar da in ya gangara ƙasa da ita, ya zama shara.
Na baya biyu suka wuce da rata mai faɗi.
Na gaban dama ya wuce, da ƙyar.
Na gaban hagu ya tsaya
giram goma sha ɗaya sama da kabarinsa,
ga ɓantara a gefe kamar ƙwayar shinkafa,
inda gammon taya ya taɓa shi wata Asabar a Imola,
Baba na sauri kafin a buɗe filin.

Da la'asar Loris ya iso daga Ferrara,
motarsa ja, 'yar gida ɗaya da ta Baba,
ƙanwa ce, shekara biyu tsakani.
Aka cire taya, aka gwada na baya.
Huji biyar suka haɗu da huji biyar,
faɗi ya zo daidai, har na fara lissafin haya a zuci.
Sai Ermanno ya zura ma'auni ta baya,
ya tsotsi haƙori.
Wuyan ya fi zurfi da milimita huɗu.
Muƙamuƙin birki ba zai cije shi a tsakiya ba.
Kama da wane ba ta wane.

Loris ya ce, ko da sun shiga ma,
dubu biyu zan iya, duka huɗun.
Sabo na da takarda,
tsoho kuwa wa ya san zafin da ya sha?
Ya sha kofinsa a tsaye, ya tafi.

Ermanno ya yago kwali, ya rubuta da fensir:
lambar kowanne, shekarar mota, nauyi na gaskiya.
Ya ce, kada ki ƙara giram ko ɗaya.
Akwai mai irin motar a wani gari,
bai san yana nemanki ba tukuna.

Watan Maris wata likitar haƙori daga Bolzano
ta zo da sikelinta a jaka,
ta ɗauki na baya biyu, dubu uku da ɗari huɗu.
Na gaban dama yana jira har yau.

Na hagun yana kan teburin kicin ɗina.
Abin da ya tsayar da Baba a bakin kwana
yana jajir kamar garwashi,
yanzu tukunyar miya nake saukewa a kansa.
Ba ya ko ɗumi.